Yadda Za Ka Ci Moriyar Hunturun Sakkwato Wajen Shirin Tseren Kilomita 21

Mai gudun dogon zango a Sakkwato wata uku ne kacal a shekara yanayi ke goyon bayansa, wato daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Da Maris ya kama zafi zai fara hawa har ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, sannan damina ta zo da nata gumin da ba ya bushewa a jiki. A hunturu kuwa asuba kan sauko ƙasa da digiri 20, iska ta bushe ƙayau, mutum ya yi kilomita goma rigarsa ba ta jiƙe ba. Don haka wanda ya ƙudurta a ransa cewa bana sai ya rage lokacinsa a rabin gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 21 da mita 97 da rabi, yanzu ne zai yi aikin, in ya bari ɗari ya wuce kuwa sai baɗi. Sai dai sanyin da ke taimakon nan shi ne kuma ke ruɗin mutane, domin yana sa gudu ya yi daɗi fiye da yadda tsoka da jijiya suka shirya ɗauka, kuma yana ɓoye wa mutum yawan ruwan da jikinsa ke zubarwa. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan yana komawa ne ga yadda za ka amfana da sanyin ba tare da ya ruɗe ka ba.

Kafin komai sai an tsayar da lokacin da ake nema, kuma agogo ya kamata ya tsayar da shi, domin zuciya kullum ƙari take so. A makon farko ka huta kwana biyu, sannan ka fita da safe ka yi kilomita 10 iyakar ƙarfinka a hanyar da ka tabbatar da tsawonta. A fili mai da'irar mita 400 zagaye 25 ke nan, kuma in ka samu damar shiga filin wasa na Giginya ko na wata makaranta, ka fara tabbatar da tsawon da'irar kafin ka dogara da ita. Lokacin da ka samu sai ka ninka shi sau 2.2, abin da ya fito shi ne kimanin abin da jikinka zai iya a kilomita 21 a halin da kake ciki. Wannan lissafi ya samo asali ne daga wani injiniya ɗan Amurka, Peter Riegel, wanda ya fitar da shi a 1977, kuma yana yin daidai ga wanda ya saba da dogon zango, yana kuma yi wa wanda bai saba ba alƙawarin da ba zai cika ba. Idan ka gama a minti 43, lissafin ya ba ka kusan awa 1 da minti 35, kuma neman awa ɗaya da rabi bayan mako goma sha huɗu buri ne mai tsauri amma mai yiwuwa. Idan kuwa minti 46 ka yi, kana wajen awa 1 da minti 41 ne, kuma a ganina neman awa ɗaya da rabi a hunturu guda kiran rauni ne kawai. Ka nemi awa 1 da minti 37, sauran ka bar wa shekara mai zuwa.

Zan ɗauki awa ɗaya da rabi a matsayin misali har ƙarshe, kowa sai ya auna da nasa. A nan akwai wani ɗan lissafi da ya sha kayar da mutane a bakin layi. Yawanci ana cewa minti 4 da sakan 16 a kowace kilomita shi ne saurin awa ɗaya da rabi, amma in ka ninka sakan 256 da cikakken tsawon hanyar za ka samu awa 1 da minti 30 da sakan 1, wato ka makara da sakan guda bayan wahalar wata uku. Saurin da za ka koya wa ƙafarka shi ne minti 4 da sakan 15, wanda zai kai ka a awa 1 da minti 29 da sakan 40, kuma a da'irar mita 400 shi ne sakan 102 kowane zagaye. Mai neman awa 1 da minti 45 ya riƙe minti 4 da sakan 58, mai neman awa biyu kuma minti 5 da sakan 41. Ka rubuta naka a takarda ka manna a inda kake ajiye takalmi, domin duk sauran saurin da za a yi magana a kansu daga shi ake auna su.

Ranar tseren ita ce za ta faɗa maka ranar farawa, sai ka ƙirga mako goma sha huɗu baya. Mu a nan galibi sai mun yi tafiya kafin mu samu tseren titi da aka auna da kyau. Kaduna ta shirya na kilomita 21 a Nuwamban 2020, babban tseren Legas kuma tun daga 2016 galibi a watan Fabrairu ake yin sa. Wanda bai samu tseren da ya dace da lokacinsa ba yana iya tsayar wa kansa rana a tsakiyar Fabrairu, ya auna hanya, ya samu abokai biyu su riƙe masa agogo da ruwa. Abin da ake bukata shi ne ranar ta zama tsayayya, ba wadda za a riƙa ɗagawa duk lokacin da aka ji kasala ba.

Sassarfa ita ce ginshiƙin aikin

Mako huɗu na farko na gina tushe ne, kuma kusan duk gudun da ke cikinsu sassarfa ce. Ka riƙa fita kwana biyar a mako, ka fara da jimillar da ka riga ka saba da ita, misali kilomita 40, kana ƙara abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba kowane mako, a mako na huɗu kuma ka rage domin jiki ya haɗiye abin da ya samu. Wannan tsari na hawa uku da sauka ɗaya shi za ka riƙe har ƙarshe, kana nufin kaiwa kilomita 60 zuwa 65 a makon da ya fi nauyi. Ga mai neman awa ɗaya da rabi, sassarfa tana tsakanin minti 5 da sakan 15 zuwa minti 5 da sakan 45 a kilomita, wato ta fi saurin tsere jinkiri da minti guda ko fiye. Ma'auninta mafi sauƙi baki ne. Idan kana iya ba abokin gudunka labari cikakke, jimla bayan jimla, ba ka haki, to kana kan daidai. Idan magana ta koma kalma biyu-biyu, ka wuce gona da iri.

Na san wannan yana da wuyar karɓa, musamman da sanyin safiyar Disamba lokacin da ƙafa ke jin kamar ba ta taɓa ƙasa. Ni kaina ya taɓa cin ni. Wata shekara na mayar da kowace fita gasa da agogo, ina murna wai kullum ina ƙara sauri, ban ankara ba sai a tsakiyar Janairu na wayi gari agarar ƙafata ta hagu ta sandare, ko saukowa daga kan gado sai na dafa bango, kuma hunturun ya ƙare ina zaune a ƙofar gida ina kallon masu wucewa. Dalilin kuwa shi ne zuciya da huhu suna saurin ƙarfafa cikin makonni kaɗan, amma jijiya da ƙashi watanni suke ɗauka, don haka numfashi kan yi wa mutum izinin abin da ƙafa ba ta amince da shi ba. Sassarfar ce ke ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ta koya wa jiki ƙona kitse domin ya tanadi sukarin da ya adana, kuma ta bar maka ƙarfin da za ka yi ranakun wahala da shi yadda ya kamata. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 nasa a hankali suke yin sa. Jacob Kiplimo na Yuganda ya gama wannan tsere a minti 57 da sakan 31 a Lisbon a 2021, Letesenbet Gidey ta Habasha kuma ta yi awa 1 da minti 2 da sakan 52 a Balensiya a shekarar, kuma in har masu irin wannan ƙafa ba su raina sassarfa ba, ban ga dalilin da zai sa ni da kai mu raina ta ba.

A waɗannan makonni, sau biyu a mako bayan ka gama sassarfa, ka yi ɗan zabura na mita 100 sau shida, da sauri amma ba da dukan ƙarfi ba, kana dawowa da tafiya. Ka kuma ware minti ashirin sau biyu a mako domin ƙarfafa ƙafa a tsakar gida: tsuguno da miƙewa, taku mai faɗi kana durƙusar da gwiwar baya, da ɗaga dunduniya a bakin dakali da ƙafa ɗaya domin sha-raɓa da agara. Hanyoyin yashi da ke cikin unguwanni suna da sauƙi ga gwiwa, amma suna jan agara, don haka a shige su kaɗan-kaɗan.

Daga mako na biyar zuwa na tara ne ake shigo da wahala, kuma kwana biyu kawai za a ba ta a mako, da kwana ɗaya aƙalla na sassarfa ko hutu a tsakaninsu. Rana ta farko ta gudun jimiri ce, wato saurin da za ka iya riƙewa na kimanin awa guda in an matsa maka, wanda ga misalinmu yake wajen minti 4 da sakan 10 a kilomita. Ka fara da minti 20 a jere, bayan mako biyu ka koma minti 10 sau uku da hutun sassarfa na minti biyu, daga baya minti 15 sau biyu, har ka kai minti 35 ko 40 a jimlace. Wannan shi ne atisayen da ya fi kowane kusa da bukatar tseren kilomita 21, domin yana ɗaga iyakar saurin da jiki ke iya riƙewa kafin gajiya ta fara taruwa a tsoka fiye da yadda yake iya kwashe ta. Kuskuren da aka fi yi a cikinsa shi ne a mayar da shi tsere. Ya kamata ka gama kana jin da an ce ka ƙara minti biyar za ka iya.

Rana ta biyu kuma ta gudun yanki-yanki ce: mita 1,000 sau biyar a minti 3 da sakan 55 zuwa minti 4, da sassarfar minti biyu tsakanin kowanne, kana ƙarawa zuwa sau shida ko bakwai yayin da makonni ke tafiya. Na ƙarshe ya zama daidai da na farko a agogo, in ma da hali ya ɗan fi shi. Idan na farko ya zo a minti 3 da sakan 45, na biyar kuma a minti 4 da sakan 15, atisayen ya lalace ko da ka gama shi. Dukan ranakun biyu suna bukatar ɗumama jiki na minti goma sha biyar kafin a fara, kuma a cikin ɗari wannan ba abin wasa ba ne, domin tsokar da ta kwana cikin sanyi ba ta yafe wa wanda ya fizge ta.

Sai dogon zango na ƙarshen mako, wanda za ka fara da kilomita 14 ko 16, kana ƙara biyu duk bayan mako ɗaya ko biyu har ka kai 22 ko 24, yawancinsa da saurin sassarfa. Wanda bai taɓa wuce kilomita 18 a atisaye ba zai gane kurensa a kilomita uku na ƙarshe ranar tsere, ko da kuwa yana da saurin barewa.

Ƙura, duhu da ƙishirwar da ba a ji

A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Sakkwato sai wajen ƙarfe bakwai, don haka wanda ya fito daga sallar asuba ya ɗaura takalmi zai yi rabin awa ko fiye cikin duhu. Ka sa riga mai haske, ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, domin ɗan kabu-kabun da ya naɗe fuska da rawani yana rawar ɗari ba lallai ne ya hango ka ba. Kada ka yi nisa da gari kai kaɗai kafin gari ya waye, kuma dogon zango irin na hanyar jami'a ta wajen Kwalkwalawa ya fi kyau a yi shi cikin ayari, musamman da yake sanyin fadamar Rima ya fi na cikin gari cizo. Game da tufafi, ka fita kana ɗan jin sanyi, domin bayan minti goma jiki zai ɗauki zafi. Masu jin ɗumi a teburin mai shayi za su bi ka da kallo, wani dattijo ya ce, "Samari, lafiya dai? Wa ya koro ka da wannan ɗari?" Ka ɗaga hannu ka gaishe su ka wuce, bayan mako biyu su ne za su riƙa tambaya in ba su gan ka ba.

Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da laushin da ke kai ta can cikin huhu, kuma mai gudu da ƙarfi yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai zaune, ta baki kuma, inda babu gashin hanci da zai tace ta. Saboda haka tsarin mako ba zai zama dutse ba. Ranar da ka fito ka ga hazo ya rufe gari, fitilar mota tana zuwa kamar a cikin kunu, rana ta fito fara fat kamar faranti, ka ɗaga atisayen wahala zuwa gobe ko jibi, ka yi gajeriyar sassarfa ko ka tsaya ga ƙarfafa ƙafa a ɗaki. Jinkirin kwana biyu ba ya rage komai, tarin mako uku kuwa yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da kake da shi. Takunkumi yana da amfani a lokacin ɗumama jiki da sassarfa, amma da wuya a iya gudun jimiri da shi. Ka guji hanyoyin da manyan motoci ke tayar da ƙura kamar wajen Kalambaina, da wuraren da ake ƙona shara ko taya da sassafe. Ɗan man kaɗanya ko basilin a bakin hanci da leɓe yana rage haɓo da tsagewa, haka ma a dunduniya kowane dare, domin faso ɗaya mai zurfi ya isa ya canza maka taku har gwiwa ta fara ciwo. Mai asma ya ga likita kafin ya fara, ya kuma riƙa fita da abin shaƙarsa a aljihu, haka nan mai hawan jini, da mai sikila ko mai ɗauke da ƙwayarta, da duk wanda ya haura shekara arba'in bai taɓa irin wannan aiki ba.

Maganar ruwa kuwa ita ce aka fi sakaci da ita, saboda gumi yana bushewa tun kafin a gan shi. Wata Lahadi na hau sikeli kafin na fita da kuma bayan na dawo daga kilomita 18, na tarar na rage kilo ɗaya da rabi, alhali rigata a bushe take, sai farin gishiri da ya zana layi a gefen hulata da kan girata. Kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ruwan leda biyu. Ka yi wannan gwaji sau biyu ko uku domin ka san naka jikin, sannan ka riƙa mayar da abin da ya fita a hankali cikin awannin da suka biyo baya. Ka sha kofi ɗaya ko biyu kafin ka fita, kuma duk gudun da zai wuce awa guda ka tanadi inda za ka samu ruwa a hanya. Bayan dogon zango, ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara yana aiki sosai: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Launin fitsari shi ne shaida. In ya yi duhu har azahar, ba ka biya bashin ba.

Abinci ba ya bukatar wani tsada. Tuwo, shinkafa, dankali da fura su ne man tafiya, wake, ƙwai, nono, kifi da ƙuli-ƙuli kuma su ne masu gyaran tsoka, kuma ya kamata wani abu ya shiga ciki cikin awa guda bayan atisaye mai nauyi, ko da koko da ƙosai ne. 'Yan'uwa mata masu gudu, waɗanda galibi suka fi sakewa a filayen makarantu da cikin ayari, su kula da ƙarancin jini, domin gajiyar da ba ta tafiya da hutu sau da yawa daga nan take, kuma gwajin jini ne kawai zai tabbatar. Abin da zan yi kashedi a kansa da babbar murya shi ne ƙwayoyi. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo kawai yake yi har rauni ya yi nisa, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, shan su kafin dogon gudu a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci yana iya taɓa ƙoda. Zazzaɓi kuma, na cizon sauro ne ko na mura, hukuncinsa ɗaya: babu gudu sai ya sauka an kuma ƙara kwana biyu.

A mako na goma ka sake gwajin kilomita 10 a hanyar da ka yi na farko. Mai neman awa ɗaya da rabi yana bukatar ya ga minti 41 ko ƙasa da haka. Idan agogo ya nuna minti 42 da rabi, ka gyara burin zuwa awa 1 da minti 33 tun yanzu, domin gara ka sauke wa kanka minti uku a gida da hanya ta ƙwace maka goma. Daga nan zuwa mako na goma sha biyu sai atisaye ya koma kan saurin tseren kansa, har ƙafa ta haddace shi ba sai an duba agogo ba: kilomita 3 sau uku a minti 4 da sakan 15 da hutun minti uku, mako na gaba kilomita 5 sau biyu, sannan dogon zango na kilomita 20 wanda takwas na ƙarshensa za su kasance da saurin tsere. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi faɗin gaskiya, domin yana tambayar ƙafa sauri bayan ta riga ta gaji. A cikin waɗannan ranaku ne kuma za ka gwada duk abin da za ka yi amfani da shi ranar tsere, tun daga takalmi da safa har zuwa dabino biyu ko uku da za ka ci wajen kilomita ta goma. Takalmin da ya yi kilomita 600 zuwa 800 ya gama aikinsa ko da samansa na ƙyalli, kuma na gwanjo sai an danna tafinsa da yatsa an ji ko da sauran taushi.

Akwai kuma batun azumi, wanda a 2025 ya kama a farkon Maris, kuma da yake yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, shekarun nan zai riƙa faɗowa a cikin hunturu. Idan ya shigo cikin shirinka, ka rage jimillar gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ka mayar da sassarfa zuwa rabin awa kafin shan ruwa, atisayen wahala kuma bayan tarawihi, sau ɗaya a mako ya wadatar. Wanda yake da zaɓi ya sa ranar tserensa kafin a ga wata.

Mako biyu na ƙarshe na sauke kaya ne. A na goma sha uku ka rage jimilla zuwa kashi biyu cikin uku, a na ƙarshe kuma zuwa rabi ko ƙasa, amma ka bar ɗan sauri a ciki, misali kilomita 1 sau uku da saurin tsere kwana huɗu kafin ranar. Za ka ji ƙafa tana ƙaiƙayi, zuciya tana raya maka cewa ƙarfinka na zubewa, har ka so ka ƙara wani dogon zango domin ka tabbatar. Kada ka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da atisaye ya shuka yana ɗaukar kwana goma ko fiye kafin ya nuna. Barci shi ne aikin wannan lokaci.

Idan tseren a kudu ne, ka sa a ranka cewa jikin da ya saba da busasshiyar iskar Sakkwato zai sha mamaki. A Legas ko da asuba iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, kuma saurin da ya zo maka da sauƙi a nan zai nemi ƙarin bugun zuciya a can. Maganinsa shi ne a mako uku na ƙarshe ka mayar da sassarfa biyu a mako zuwa hantsi ko la'asar, lokacin da rana ta ɗan yi zafi, domin jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da zafi, sannan ka isa garin kwana biyu kafin ranar domin gajiyar mota ta sake ka. In kuwa a Jos ne, tsayin ƙasar da ya kai kimanin mita 1,200 zai ɗan taɓa numfashinka, sai ka yi wa farkon tseren sassauci.

Ranar kanta, ka ci abin da ka saba da shi awa biyu zuwa uku kafin a tashi, ka ɗumama jiki na minti goma, ka rubuta lokutan nan a bayan hannunka da biro: minti 21 da sakan 15 a kilomita 5, minti 42 da rabi a kilomita 10, awa 1 da minti 3 da sakan 45 a kilomita 15, awa 1 da minti 25 a kilomita 20. Da an busa za ka ga jama'a sun zabura kamar an saki dawaki, ka ƙyale su, ka yi kilomita biyu na farko a minti 4 da sakan 20, domin sakan goman da ka bayar a nan za ka dawo da su cikin sauƙi, amma sakan talatin da ka sata a farko za ka biya su da mintuna a ƙarshe. Ka dogara da allunan kilomita na hanya fiye da agogo ko wayar da ke auna tafiya, domin su kan nuna ka yi nisa fiye da gaskiya saboda kauce-kaucen da kake yi a kwana da cikin cunkoso. Ka kurɓi ruwa a kowace tasha ko ba ka jin ƙishi. Wajen kilomita ta 15 zuwa ta 18 ne tseren zai fara tambayarka da gaske, kuma a nan ka daina tunanin abin da ya rage, ka nemi bayan wani mai tafiya daidai da saurinka ka manne masa, ka sassauta kafaɗa, ka riƙa ƙirga allo ɗaya bayan ɗaya. Idan ka iso allon kilomita 20 agogo bai wuce awa 1 da minti 25 ba, kana da minti biyar cur domin mita 1,097 da suka rage, kuma a saurin da ka yi wata uku kana koya wa ƙafarka, minti 4 da sakan 40 kawai suke bukata.